Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙungiyoyin marubutan Hausa: akwai labarin bincike a ramin kwal na Inugu

Zuwa ga shugabanni da membobin ƙungiyoyin marubutan Hausa na Kano, Kaduna, Zariya, Katsina, Sakkwato, Gusau da sauran garuruwa, da masu shirya gasar rubutu, da masu tace littattafai kafin a buga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna jinjina muku kan ɗawainiyar da kuke yi da harshen nan.

Labarin binciken laifi ya samu karɓuwa a wurin masu karatun Hausa, a takarda da waya da kuma masu saurare a YouTube. Sai dai kusan dukkansu a yau suke faruwa: jami'i ya bi layin waya, ya duba kyamarar tsaro, ya kama ɓarawo a otal. Wanda ya ce zai koma baya kuwa, sai ya tsallake ya faɗa zamanin takobi da aljanu. A tsakani an bar kusan shekara sittin na mulkin Turawa, zamanin da ake rubuta komai a littafi, ake ƙirga komai, kuma ake ɓoye abu da yawa. Babu zamanin da ya fi wannan dacewa da mai bincike. Roƙonmu shi ne ku sa wasu daga cikinku su rubuta labarin bincike na tarihi wanda zai faru a mahaƙar kwal ta Inugu, a watan Nuwamba na 1949, lokacin rikicin ma'aikata da ya ƙare da harbin Kwarin Iva, inda 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal. Ga kuma abin da ya kamata marubucin ya riƙe kafin ya ɗora alƙalami.

Mun san tambayar farko: ina ruwan Bahaushe da ramin kwal a ƙasar Ibo? Yana da ruwa, har da tsaki. A 1909 Albert Kitson ya gano kwal a tsaunukan Udi, kusa da Inugu. An fara haƙa a 1915, layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, aka buɗe mahaƙar Iva a 1917. Daga baya layin ya miƙe arewa ta Makurɗi da Kafanchan har ya haɗu da na Kaduna, aka gama gadar Binuwai a Makurɗi a 1932. Babban mai sayen kwal ɗin shi ne Reluwe. Kan jirgin da ke jan gyaɗar Kano da audugar ƙasar Zazzau da kuzar Jos, da kwal ɗin Inugu yake tafiya. Nuwamba kuwa farkon cinikin gyaɗa ne, a shekarun da dalar gyaɗa ke ƙara tsawo a Kano saboda jirgi ya kasa kwashe ta. To idan mai saran kwal a Iva ya rage hannu, Gwamna a Legas kwanakin da suka rage wa ma'ajin kwal na Reluwe yake ƙirgawa.

Haɗi na biyu ya fi zafi. Da rikicin ya yi tsami, gwamnati ta kawo ƙarin 'yan sanda daga wasu sassan ƙasar, har da Arewa. Ba duk ɗan Arewa ne Bahaushe ba, akwai Tibi da sauran ƙabilu, amma Hausa ce harshen barikinsu. Wato akwai mutanen da suka tsaya a bakin ramin nan riƙe da bindiga, suna jin ma'aikata na waƙa da harshen da ba su sani ba, suna jiran umarnin Bature. Labarinsu ba mu san wanda ya ba da shi da Hausa ba. Ga kuma fatake da 'yan tireda da dillalan shanu na Arewa da suka riga suka zauna a Inugu. Daga cikinsu ne Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato, ya fito ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Mai bincikenku ba zai rasa masauki da wanda zai ba shi labarin gari ba.

Abin da ya faru, a taƙaice. Mahaƙar ta gwamnati ce, dubban mutane ke aiki a cikinta. Ƙungiyar ƙwadagonsu tana ƙarƙashin sakatarenta Okwudili Ojiyi, tsohon malamin makaranta. Dokokin lokacin sun ƙuntata yajin aiki, don haka tun 1947 ƙungiyar ta koyi wata dabara: a zo aiki, a shiga rami, amma a yi tafiyar hawainiya. A farkon Nuwamba 1949 masu sara suka sake komawa ga wannan dabara kan bashin lada da suka yi imani suna bin gwamnati. Hukumar mahaƙa ta kori kimanin masu sara 200. Ma'aikata suka ji tsoron a kulle ƙofa a ɗauki wasu a madadinsu, sai suka yi zaman dirshan a cikin mahaƙar. Matansu suka yi zanga-zanga a ofisoshin hukumar. Gwamnati, wadda ke fargabar matasan ƙungiyar Zikist, masu zafin neman 'yancin kai, ta yanke shawarar kwashe nakiyoyin da ke sito kada su faɗa hannun 'yan siyasa. A Obwetti, wata mahaƙar ta Inugu, an kwashe lafiya. A Iva, ranar Juma'a 18 ga Nuwamba, ma'aikata suka ƙi taimakawa, domin a ganinsu kwashe nakiya shi ne matakin farko na rufe rami. Sun ɗaura jan ƙyalle a hulunan kwanonsu, suna waƙa suna buga ƙafa. Babban Sufuritanda F. S. Philip ya ɗauki wannan rawar yaƙi ce, ya ba da umarnin harbi, shi ma ya harba da bindigarsa ta hannu. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Tarzoma ta biyo baya a Aba, Fatakwal, Anacha da Kalaba. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sir William Fitzgerald, rahotonsa ya fito a 1950.

Kuskuren farko da marubuci zai iya yi shi ne ya ce tambayar littafinsa ita ce wa ya kashe mutum 21 ɗin nan. Wannan ba asiri ba ne, an yi shi da rana tsaka a gaban ɗaruruwan mutane. Labarin bincike yana buƙatar ƙaramin laifi ɓoyayye a cikin babban laifi bayyananne. Kada kuma a taɓa adadin, kada a ƙara gawa a kan 21 don a ji daɗin labari, jikokin mutanen nan suna nan da ransu. A ƙirƙiri mamaci na daban, kwana uku ko huɗu kafin harbin. Misali tankifa, wato mai rubuta wanda ya zo aiki, a tsinci gawarsa a wani lungun rami da rufi ya rufta. Manaja yana so a ce ma'aikata suka kashe shi, don ya samu hujjar kiran 'yan sanda. Ƙungiya tana so a ce hatsari ne, don ta nuna sakacin hukuma. Mai bincike yana tsakiya, agogo kuma yana tafiya zuwa ranar Juma'ar da mai karatu ya riga ya san abin da ke cikinta, shi mai binciken bai sani ba.

Don a rubuta wannan sai an san ramin. Mahaƙun Inugu ba rijiya ba ne da ake sauka da keji kamar yadda ake gani a finafinan Ingila. Kwal ɗin yana kwance ne a jikin tsauni, sai a huda ƙofa a gefen kwari a shiga a miƙe. Wanda ya rubuta cewa igiyar keji ta tsinke a Iva ya tona wa kansa asiri tun shafin farko. A ciki ana sara hanyoyi ne a bar ginshiƙan kwal a tsaye suna riƙe da rufi, a ƙara da dirkokin katako. Kaurin jijiyar kwal ɗin, wato shimfiɗarsa a cikin dutse, bai cika kai tsayin mutum ba, don haka a wurare da yawa a duƙe ake aiki, cikin zafi da laima da ƙarancin iska. Aikin jere yake. Mai nakiya ya huda ya ɗura ya fasa, ko injin yanka ya yanke ƙasan jijiyar. Mai sara ya farfasa da diga ya cika ƙaramin tarago da shebur. Mai turawa ya tura taragon a kan siririn dogo zuwa babbar hanya, inda igiyar ƙarfe ke jansa waje. Mai katako yana biye yana kafa dirka, mai dogo yana ƙara layi duk inda sara ta ci gaba. Duk wannan jeren a hannun mai sara yake, shi ya sa tafiyar hawainiya ta yi tasiri: mutum ɗaya ya cika tarago biyu maimakon abin da ya saba, sai kowa a bayansa ya zauna, kuma babu dokar da za a ce ya karya tunda yana bakin aikinsa.

Aiki mafi hatsari shi ne cin ginshiƙi, lokacin da aka gama da wani sashe ana ja da baya ana sare ginshiƙan da aka bari. Rufi yana ba da sanarwa kafin ya zo: katako ya yi ƙara, ƙananan duwatsu su fara zubowa. Tsohon ma'aikaci yana ƙwanƙwasa rufi da ƙotar diga, idan ya ji amo kamar na ganga ya san dutsen ya rabu da uwarsa. Wannan ya ba ku tambaya ta farko kyauta: me ya kai akawu mai farar riga sashen da ko masu sara sun daina shiga? Ku tuna kuma, ko ana yajin aiki, famfon zuƙe ruwa da fankar iska ba sa tsayawa, domin in sun tsaya ruwa ya cinye hanyoyin da ke gangare. Saboda haka akwai mutanen da dole suna nan a farke kowane dare, su ne shaidun da kowa ke mantawa da su.

Amma zuciyar labarin ba a rami take ba, a ofishin akawu take. Mai sara aikin jinga yake yi, ana biyansa gwargwadon taragon da ya cika. Tarago yana fitowa da alamar wanda ya cika shi, akawu ya rubuta. Duk inda ake biya ta haka, hanyoyin cuta sanannu ne: a sauya alama a hanya, a ce taragon bai cika ba, a ce dutse ya yi yawa a ciki a soke shi, ko a rubuta shi da sunan wani. Sannan akwai tsarin da ya fi komai ɓata wa ma'aikata rai. Ana ajiye sunaye a littafi fiye da guraben aikin da ake da su, kullum da safe a zaɓi waɗanda za su shiga, saura su koma gida ba ko kwabo, bayan wasu sun yi tafiyar mil da yawa daga ƙauyukansu tun da asuba. Wanda ke riƙe da fensirin zaɓe ya zama sarki, toshiyar baki ta zama kuɗin shiga: kwabbai, doya, kaza, giyar kwakwa. Kuɗin kwanakin nan da aka mayar da mutane gida yana cikin bashin da ma'aikata ke nema a 1949. To tankifan da ya mutu yana da maƙiya ɗari, kuma yana da littafi biyu, na gaskiya da wanda ake nuna wa Bature. Mai binciken da ya iya lissafin fam da sule da kwabo ya fi mai iya dambe amfani a nan. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ba a san naira ba sai 1973.

Kada a mayar da ma'aikatan dunƙule ɗaya. Akwai 'yan ƙasa daga ƙauyukan Udi da Ngwo da Nkanu, manoma ne da ke haɗa rami da gonar doya, waɗanda iyayensu suka fara shiga aikin ta hannun sarakunan da Turawa suka naɗa irin su Onyeama na Eke, sau da yawa ba da son ransu ba. Akwai kuma baƙi daga yankunan Owerri da Anacha, mazauna unguwar ma'aikata a cikin gari, waɗanda suka fi yawa a aikin akawu da sana'ar hannu. Tsakanin ɓangarorin akwai raini da zargi. Tsakanin ma'aikatan ƙarƙashin ƙasa da na sama ma haka. Shi kansa Ojiyi ba waliyyi ba ne a idon kowa, rahoton kwamitin ya soke shi da kakkausar murya kan yadda ya bar ma'aikata da zaton akwai kuɗi masu yawa da aka danne musu. Labarin da ya ce duk baƙar fata nagari ne, duk Bature mugu ne, ba shi da wanda za a zarga, kuma labarin bincike ba ya tsayuwa sai da mutum huɗu ko biyar da kowannensu zai iya aikata abin.

Yanzu gawar. A 1949 babu gwajin ƙwayar halitta, babu waya a aljihu. Akwai zanen yatsa, amma a kan katako mai laima da ƙurar kwal ba ya ba da komai. Abin da mai bincike ke da shi ido ne da likitan gwamnati ɗaya mai aiki ya yi masa yawa. Ga abin da ido ke iya gani. Wanda rufi ya danne yana da rai yakan shaƙi ƙura, a same ta can cikin hanci da maƙogwaro; wanda aka kawo gawarsa aka rusa dutse a kai, ƙurar a fuska take tsayawa. Rauni da aka yi wa mai rai yana zubar da jini yana kumbura, wanda dutse ya yi wa gawa ba ya yin haka. Bayan mutuwa jini yana taruwa a ɓangaren jikin da ke ƙasa, ya zauna bayan wasu sa'o'i; in an sami mutum a kife amma jinin ya taru a bayansa, an motsa shi. A baƙar fata wannan alama ba ta fitowa sarai da ido, sai likita ya duba da kyau ko ya yanka, kuma likita mai gaggawa zai wuce ta. Dirkar da nauyi ya karya tana tsagewa ne da zare-zare, wadda aka sare ko aka buge ta fita tana ɗauke da sawun gatari ko guduma. Zafin rami kuma yana ruɗa lissafin lokacin mutuwa, domin gawa ba ta saurin hucewa, amma tana saurin sandarewa da ruɓewa. Likitan da ya yi lissafi da ma'aunin da ya koyo a ƙasar sanyi zai iya kuskure sa'o'i, kuma a cikin waɗannan sa'o'in ne mai laifi zai gina hujjarsa ta cewa yana wani wuri.

Sai takardu, waɗanda su ne ainihin makaman wannan irin labari. Littafin tankifa yana cewa wa ya shiga, littafin tarago yana cewa wa ya yi aiki. Duk sunan da ke cikin na farko babu shi a na biyu, ko dai ma'aikacin bogi ne da wani ke karɓar ladansa, ko mutum ne da ya shiga don wata manufa. Siton nakiya yana da nasa littafin: abin da aka fitar da safe, abin da aka fasa, abin da aka mayar da yamma. Ƙa'idar aikin ita ce a ajiye nakiya daban, 'yan ƙarafan tayar da ita daban, mabuɗi a hannun mutum sananne. Inda lissafin ke lalacewa shi ne nakiyar da aka ɗura ta ƙi tashi. Mai nakiya yana iya rubuta ta tashi ya ɓoye ta, ko ta ƙi tashi da gaske ya ji tsoron faɗa, ta zauna a jikin kwal har digar wani ta same ta. Ku duba yadda wannan ke haɗuwa da babban labari: gwamnati ta zo Iva ne saboda tsoron ɓacewar nakiya. Idan mai bincikenku ya gano cewa gibin da ke littafin siton ba satar 'yan siyasa ba ne, wani ne ke sayar wa masu fasa dutse ko masu kamun kifi tun shekara biyu da suka wuce, ya riƙe gaskiyar da za ta iya hana harbi, sai dai babu mai sauraronsa. A ɓangaren 'yan sanda akwai littafin caji ofis da ake rubuta kowane motsi da lokacinsa, da ƙirgar harsashi kafin fita da bayan dawowa, da kwafen wayar tangaraho. Kuma raunin bindigar hannu, wadda hafsa ke ratayawa, daban yake da na doguwar bindigar kurtu.

Wane ne mai binciken? Shawararmu: saje ko kofur ɗan Arewa, mai yiwuwa tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Bama, wanda ya iya karatun boko daidai gwargwado, yana kuma rubuta abin da ba ya so Bature ya karanta da ajami. A kiyaye bambanci, ɗan sandan gwamnati ne na rundunar da aka haɗe a 1930, ba ɗan dokan En'e ba, domin ɗan doka ba shi da hurumi a Inugu. A kiyaye iyakarsa kuma. Ba zai iya yi wa Bature tambaya yana zaune ba, ba zai buɗe fayil a ofishin manaja ba sai ta hannun masinja ko kuku ko akawun da ya ga dama. Ba ya jin Ibo. Duk abin da shaida ya faɗa ta bakin tafinta zai zo masa, ko ta gurguwar Turancin kasuwa, kuma tafinta yana da dangi da bashi da tsoro. Wannan ba nakasu ba ne ga labari, shi ne gishirinsa: shaida ya yi magana mai tsawo, tafinta ya fassara da kalma uku, saje ya lura. Ma'aikata kuma suna kallonsa a matsayin karen Bature da aka kawo daga nesa don ba shi da ɗan'uwa a cikinsu, kuma ba su yi ƙarya ba, dalilin kawo shi ke nan. Ranar harbin Juma'a ce, a ƙarshen Muharram na 1369. Marubucin da ya san abin da wannan ke nufi ga Musulmi a bakin aiki ba ya buƙatar mu faɗa masa yadda zai yi da shi.

Akwai tarkunan zamani da ya kamata masu tacewa su sa wa ido. Hukumar Kwal ta Najeriya a 1950 aka kafa ta, a lokacin labarin mahaƙar sashen gwamnati ce. NEPU ba ta zo ba sai Agustan 1950, amma akwai jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, akwai Zikist wadda Raji Abdallah, tsohon ma'aikacin gidan waya a Kano, ya shugabanta, kuma an riga an ɗaure shi kan laifin tunzura jama'a. Gwamna shi ne Sir John Macpherson. Jiragen ƙasa masu tururi ne, dizal bai karɓe layi ba tukuna. Manyan injinan yankan kwal na zamani da kamfanin Poland ya kawo sai a shekarun 1970. Sajenku yana iya samun tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo a wurin wani ɗan tireda, akawun ƙungiya kuwa West African Pilot yake karantawa, kuma jaridun biyu ba da ido ɗaya suke kallon duniya ba. Mutanen tarihi irin su Ojiyi da Philip a bar su a kan abin da aka tabbatar sun yi. Kada a ɗora musu kisan da aka ƙirƙira, kada a sa musu dogon jawabi a baki. Mai laifin labari ya zama ƙirƙirarre, sunansa ma ƙirƙirarre.

Wuri mafi wuya shi ne ƙarshe. Labarin bincike ya saba rufewa da kama mai laifi, hukuma ta karɓe shi, hankali ya kwanta. A nan hukumar da za a miƙa wa mai laifi ita ce ta harbe mutum 21. Kwamitin Fitzgerald ya ce gwamnati ta ɗauki rikicin ƙwadago a matsayin tawayen siyasa, ya ce Philip ya yi kuskuren hukunci, amma ba a gurfanar da shi gaban kotu ba. Don haka dole marubuci ya cika alƙawarin da ya yi wa mai karatu, ya bayyana wanda ya kashe tankifa da hujjojin da duk an nuna su a baya, ba wata wasiƙa da ta faɗo daga sama a babin ƙarshe ba. Amma kada ya yi ƙaryar cewa adalci ya tabbata. Tambayar da za ta rage wa saje ita ce me zai yi da abin da ya sani: ya rubuta a rahoto a binne, ya kai wa lauyoyin ma'aikata irin su Rotimi Williams da H. O. Davies da suka tsaya gaban kwamitin ya rasa aikinsa da fanshonsa, ko ya hau jirgin Kaduna da bakinsa a rufe. Da kuma tambayar da ba za a kauce mata ba: shi ya harba ko bai harba ba? A zaɓi amsa, kada a ɓoye shi a bayan gini lokacin da aka ba da umarni.

Abin da muke nema daga gare ku kaɗan ne, kuma kuna iyawa. Ku ware rukuni na labarin bincike na tarihi a gasar da kuke shiryawa, ku sa malamin tarihi ɗaya cikin alƙalai. Ku nemo kwafen rahoton kwamitin na 1950, a fassara sassan da suka shafi tsarin biyan lada da ranar harbin zuwa Hausa, a raba wa membobi. Ku haɗa kai da reshen ƙungiyar marubuta na Inugu, wanda zai rubuta littafin ya je ya ga kwarin da idonsa, ya zauna da tsoffin ma'aikatan kwal da iyalansu tun ana samunsu, ya shiga ma'ajin tarihi na ƙasa da ke Inugu da na Kaduna da Gidan Arewa. Kafin a buga, a ba wani Ibo ɗan yankin Udi ya duba sunaye da abinci da al'adun binne mamaci, a ba wani injiniyan ma'adinai ya duba babukan rami. Wanda tafiyar Inugu ta yi masa nisa, yawancin abin da muka zayyana na tankifa da littafi biyu zai same shi a filayen kuza na Jos, inda aka kwashi dubban talakawan Arewa aikin tilas tsakanin 1942 da 1944.

Wassalam.

Daga wasu 'yan'uwanku masu nazarin tarihin ƙwadago da aikin ma'adinai.